Littafin zane da babu faɗa ciki, za ku karanta kuwa?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ina zana wani labari irin mai hotuna da magana cikin kumfa, kamar komik. Labarin wani ƙaramin dodo na da ka zama cikin tsohuwar rijiya kusa ga gulbin Rima, kowa na gudunai, shi ko ba abin da shika so illa a yi hira da shi, sai wani almajiri baƙo da anka kawo daga ƙauye ya fara aje mai sauran tuwo bakin rijiyar, a hankali har unguwa ta saba da shi. Ba faɗa ba jini ba mugu. Abokina ya ce wallahi ba mai karanta wanga abu, wai sai da duka da takobi. Mi kunka gani?

Anti Arkilla:
Wa alaikassalam ƙanena. Ni zan karanta. Abokinka manga, wato komik ɗin Japan, ta cika mai kai. Mutane na ganin kamar ba mu san kaɗaici ba don gidajenmu cike suke, alhali amarya da anka kai wani gari, ko ɗalibi sabon zuwa Jami'ar Danfodiyo ta Sakkwato da ka tsallaka gadar Kwalkwalawa kullum bai san kowa ba, ga mutane tuli amma ba mai ce mai ya kake. Abu ɗaya dai, kada ka sa unguwa ta karɓe shi dare ɗaya. Bari wata tsohuwa ta daɗe tana tofa addu'a in ta gane shi, sannan ranan ta aiko da hura.

Malam Runji:
Ka bar shi dodo hwa, irin na tatsuniya, kada ka ce aljani, in ba haka ba gardamar da za a yi ma ta fi littahin tsawo. Kuma labarin mamaki ba baƙo ba ne wurinmu, Magana Jari Ce tun 1937 aku ka ba da labari kuma ba wanda ya ce ƙarya ta yi yawa.

Zainabu_zane:
Yaya maganar kuɗi fa, buga mai kala tsada gare shi sosai, fara da baƙi da fari ka riƙa sakin shafi kaɗan kaɗan a Facebook da WhatsApp ka ga ko ana bi. Kuma don Allah dodon ya yi Sakkwatanci, kada in ji ya ce "suka".

Ɗan Mabera:
Hahaha sunka zai ce in sha Allahu. Anti na ɗauki tsohuwar nan. Malam to dodon ya yi ƙaho ko a bar shi da gashi kawai?

Malam Runji:
Gashi. Ƙaho na ba yara tsoro.