Tumatirin buhu: yana rage kuɗin cefane ko ƙarin wahala ne?

Muhawarar da aka tafka a kan shuka tumatir a buhu a gida, a zauren WhatsApp na danginmu, daga bayan sallar la'asar har dare.

Matar Yaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya mun fita da yara cin abinci a wani gidan abinci a cikin gari, muka ce a kawo shinkafa da miya. Miyar ja wur, mai na yawo a kai, amma ko ƙamshin tumatir babu, sai tsami da ke kama harshe. Ƙaramar tamu cokali biyu ta kai baki ta ture farantin. Raina ya ɓaci, don kuɗi muka biya ba kaɗan ba.

Goggo: Wa alaikumus salam 'yata. Ai tumatirin gwangwani ne aka dama, ba a ko bari ya soyu ba. Abin da nake faɗa muku kullum ke nan. Duk macen da ke da tsakar gida da buhu goma, ba ta da dalilin sayen tumatir, balle a kai mata yara a ba su wannan. Ku shuka naku. Ni buhu goma sha biyu gare ni a jikin katanga, kuma sun rage min kuɗin cefane sosai.

Kawu: Yaya, ki yi haƙuri, wannan magana ban yarda da ita ba. Shekara ta fi ashirin ina noman tumatir a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. Muna zuba iri a bedi, wato fangalin renon yabanya, wajen Satumba da Oktoba, mu yi dashe, mu fara tsinka daga Janairu har Maris. A watannin nan ki zo kasuwar Kwanar Gafan ki gani, kwanduna jere har bakin titi, manomi na roƙon dillali ya ɗauka. Akwai shekarar da kuɗin kwandon da kuɗin mota suka fi kuɗin tumatirin da ke ciki, muka yanka shi muka shanya a ƙasa. To, buhunanki yaushe suke zuba 'ya'ya? A wannan lokacin dai. Ranar da naki ya nuna, ranar ce za ki cika roba a kasuwa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ina ragin yake?

Goggo: Ko a lokacin arha ai kuɗi ne ake bayarwa.

Kawu: Gaskiya ne. Amma tsadar da ke sa mata kuka ta Mayu ce da Yuni da Yuli. Ki faɗa wa 'yan uwa tsakani da Allah, a watan Mayu me buhunanki suke ba ki?

Auta: Goggo, kafin ki amsa, bari in sa baki, don abin da muke karantawa ke nan a makarantar noma a Samaru. Tumatir ba ya son zafi mai tsanani. Idan zafin rana ya wuce digiri 32, dare ma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi bai ƙulla ɗa ba. A Kano kuwa watan Afrilu zafi na kai digiri 40. Sai ki ga shuka kore shar, ta yi fure da yawa, amma ko ɗa ɗaya babu. Damina kuma ta zo da nata: ganye ya riƙa yin ɗige-ɗige yana ƙonewa saboda laima, 'ya'yan su tsattsage. Shi ya sa noman rani a hunturu ne asalin lokacin tumatir a arewa. Abin da ya hana gonar Kawu yi a bazara, ba zai ƙyale buhu don yana cikin gida ba.

Yaya Babba: Ni shaida ne. Bara na ga hoton buhunan Goggo na yi sha'awa, na jera takwas a watan Maris. Na sayi ƙasa, na sayi taki, kullum jarka guda daga wurin 'yan ga-ruwa saboda su kaɗai. Abin da na tsinka gaba ɗaya bai cika kwanon sha ba, shi ma rabinsa gindin ya yi baƙi. Da na lissafa kuɗin ruwan kawai, ya fi ƙarfin tumatirin.

Goggo: Ɗana, a Maris ka shuka, ai tun daga nan ka yi kuskure, kuma da ka tambaye ni da na hana ka. Baƙin gindin nan kuwa daga ban-ruwa ne: yau a cika masa, gobe a manta, jibi a sake cikawa. Tumatir yana son ruwa daidai kullum, da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba.

Bari in faɗa muku yadda nake yi, don kada a zaci jefa iri kawai nake. Buhun shinkafa nake samu, in naɗe bakinsa ya dawo rabi, in huda ƙasansa wuri shida ko bakwai da wuƙa mai zafi. Ƙasa kashi biyu, takin awaki da ya daɗe ya huce kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake, ban sa shi. Yabanya ɗaya tak a buhu, in ta kai wata guda a bedi. Na kafa mata kara, na ɗaure da tsumma ba da zare ba, don kada ya yanke ta. Duk safiya bayan na idar da azkar ina zagayawa, ina tsinke 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, in ɗan kaɗa karan da yatsa don furen ya ƙulla. Hannuna yakan yi kore-kore, warin ganyen nan ya kama shi har sai na wanke da sabulu. Ruwa kuma ban taɓa saya musu ba. Akwai bokiti a wurin alwala, akwai ruwan wankin shinkafa da na ganye. Duk abin da ba sabulu a ciki nasu ne.

Kawu: Ba ki amsa tambayar Mayu ba, Yaya.

Goggo: Zan amsa. A Mayu ba sa ba ni komai, ban ɓoye ba. Amma abin da suka ba ni a Fabrairu shi nake ci a Mayu. Rabi in yanka in shanya a kan tabarma a saman rufi, in yi kauɗa mai tsabta, ba ƙasa ba ƙura. Rabi in markaɗa da tattasai da attaruhu, in dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, in zuba a kwalba in rufe samansa da mai.

Kawu: To ai nan muka haɗu. Dabarar tana wurin adanawa. Wadda ba ta da buhu ko ɗaya, in ta je kasuwar 'Yan Kaba a Fabrairu ta sayi kwando biyu ta yi abin da kike yi, za ta samu fiye da abin da buhu goma sha biyu za su ba ki, ba ta kuma yi wata huɗu tana ban-ruwa ba.

Anti Mai Abinci: Tun ɗazu ina karantawa ina juya tukunya, yanzu na samu sarari. Ina so in kare masu sana'ata, don an fara da mu. Ni kullum ina ciyar da mutum sama da ɗari a rumfata. Goggo, buhu nawa zan jera? Kuma farashin faranti ba ya hawa da sauka kamar kwando. Ranar da tumatir ya ninka sau huɗu ba zan ce wa ɗan acaɓa ko leburan da ya saba cin abincina ya ninka kuɗinsa ba. Dole in haɗa da na gwangwani da kauɗa da tattasai da albasa mai yawa. Na gwangwani ba guba ba ne, tumatir ne aka dafa aka ƙafe ruwansa. Laifin wanda ya yi wa matar Yaya miya shi ne gaggawa. Ana soya shi a mai da albasa a wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya canza daga ja mai haske zuwa ja mai duhu, man ya taso. In ba a yi haka ba tsamin nan ba ya fita.

Abin da ya kamata ku ji tsoro a abincin waje daban ne: farfasasshen tumatir da ya fara ruɓa, wanda ake tarawa a gefe a sayar da arha. Na sha gani a wurin injin markaɗe, da farin fumfuna a jikinsa, a zuba a markaɗe. Wannan ni ko kyauta ba na karɓa.

Matar Yaya: Anti, Allah ya huci zuciyarki, ba da ke nake ba. Amma wannan na biyun ya ƙara tayar min da hankali.

Auta: Akwai kuma abin da ba a ambata ba, tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, sunanta na kimiyya Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, inda shi kansa tumatir ya samo asali. Ta shiga Sifaniya a 2006, ta tsallako Arewacin Afirka, ta iso mu. A 2016 ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, tsayawa ta yi don babu abin da za ta markaɗa. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare yake saka ƙwai a ganye, tsutsar ta shige tsakanin fatar ganyen tana ci daga ciki. Za ki ga farin zane kamar an goge koren. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya isa gare ta da sauƙi.

Kawu: Kada ka tuna min 2016, Auta. Kwana uku tsakani na dawo gona na tarar kamar an bi ta da wuta. Bashin taki na shekarar sai da na sayar da sa na biya. A 2024 ma ta dawo, kun ga yadda tumatir ya yi tsada kafin babbar salla.

Kuma tunda magana ta zo nan, zan faɗi abin da ba na jin daɗin faɗa. Tsoron Sharon ya sa da yawa daga cikinmu feshi ya wuce ƙima. Kowane magani akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin a tsinka. Ba kowa ke jira ba. Mota na tsaye za ta tafi Legas, kasuwar Mile 12 na jira, mutum ya yi feshi shekaranjiya, yau ya tsinka. Ni kaina wanda za a ci a gidana daga wani layi daban nake tsinkowa, wanda na bari ya huta.

Goggo: Ka ji ko? Da bakinka ka faɗa. Ni buhu goma sha biyu ne, ganye ɗaya-ɗaya nake dubawa. Na ga farin zanen nan, in tsinke ganyen in jefa a murhu. In abin ya yi yawa, in daka ganyen darbejiya in jiƙa ya kwana, in tace in yayyafa da yamma. Jikana yakan tsinki tumatir a jikin shuka ya goge a riga ya ci, hankalina kwance. Wannan a wace kasuwa ake sayar da shi?

Kawu: A nan kam ban ja da ke ba. Na lafiya da ɗanɗano naki ya fi. Mu irin da ake kira UTC muke shukawa saboda fatarsa na da kauri, yana jure kwana biyu a mota, kuma tun bai gama nuna ba muke tsinka. Naki a jikin uwarsa yake nuna. Abin da na ƙi shi ne ki ce mace ba ta da dalilin saye. Wadda ke gidan haya, ɗaki ɗaya, tsakar gida ta mutum ashirin da awaki da kaji, tana sayen ruwan sha da jarka, tana da dalili babba. Kada a sa ta ji kamar lalaci ne ya hana ta.

Goggo: Wannan na karɓa, na yi saurin baki a kanta. Amma a gidana ragin cefane gaskiya ne, daga Janairu zuwa Maris ba na aiken yaro sayen tumatir, kuma a kan wannan ina nan.

Yaya Babba: Domin ba ki sayen ruwa ne, Goggo, kuma Zariyar da kike ta fi Kano sanyi-sanyi.

Goggo: Domin ina shuka a kan lokaci ne, ɗana.

Matar Yaya: Ni dai na yanke shawara. In Allah ya kai mu Fabrairu zan sayi kwando biyu in yi kauɗa da dafaffe, Anti ki zo ki tsaya a kaina ranar. Buhu kuma zan gwada huɗu kacal a bayan kicin inda hantsi ke sauka, don yara su samu na ci ɗanye. Kawu, yaushe zan zuba iri?

Kawu: Kada ki wahalar da kanki da bedi, 'yata. Ƙarshen Oktoba zan cire miki daga nawa in ba direba ya kawo, da ƙasarsu a saiwa. Ki dasa da yamma ranar da suka iso. Ki tanadi takin tun yanzu ya huce, kuma ki samo ragar da za ki kewaye su, don na ga kajin maƙwabtanku suna shigowa ta magudana.