Wai yawan malamai mata ne ya kashe kwarjinin malamin firamare?

Shugaban ajinmu: Jama'a, ni fa ina nan kan bakata. Tun da mata suka yi yawa a firamare yara suka daina shakkar malami. Ku tuna malaminmu na aji huɗu. Ka makara, tsallen kwaɗo ne daga bakin ƙofa har gindin darbejiya. Amma waye cikinmu bai haddace sau bakwai a hannunsa ba?

Monitar 'yan mata: Haba Shugaba! Ka manta da malamar aji biyar, wadda ta fito daga WTC, kwalejin horar da malamai mata? Kowace Litinin a layin asembili sai ta duba farce da wuyan riga ɗaya bayan ɗaya. Ba ta riƙe dorina, ɗago ido kawai za ta yi aji ya yi tsit. Ita ta taka har zaurenmu ta roƙi Baba ya bar ni in zana jarrabawar shiga sakandare. Da namiji ne, Inna ba za ta sake da shi ta faɗa masa abin da ke hana ni zuwa ba.

Tsohon hedimasta: 'Ya'yana, horar da malamai ne ya yi rauni. Da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, a 1976 yara suka yi ambaliya, aka ɗebo malamai da gajeren kwas. Daga baya aka rufe kwalejojin horar da malamai na Grade II, inda ake koya wa mutum riƙe aji tun yana matashi. A 2017 malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu a Kaduna, maza da mata ne a ciki.

Shugaban ajinmu: Baba, na ji. To hutun haihuwa fa? Aji ya yi wata uku ba malami.

Monitar 'yan mata: Wannan laifin wanda bai turo madadinta ba ne. Kuma je ka ƙauye ka gani, uba nawa ne zai bar 'yarsa ta fara girma a makarantar da babu malama ko ɗaya? Nana Asma'u ma jajoji mata ta tura ƙauyuka su koyar da mata.

Ɗan bencin baya: Ni abin da ke damuna daban ne. Wanda muke zama benci ɗaya da shi, dorinar aji huɗun nan ce ta kore shi. Yana da in'ina, duk ranar karatu a bayyane sai an zane shi. Bai sake dawowa ba. Shugaba, shi ma ka sa shi a lissafi.