Tuzurun Maitama Ya Koka, Likitar Gwarinpa Ta Amsa

Tuzurun Maitama: Salamu alaikum. Ɗaurin aure na huɗu ke nan da na halarta a wata ɗaya, na dawo barci ya ƙi zuwa. Amsa-amona "ba" ne, mai iyawa ya karɓa.

Da sunan Allah zan fara kokawa,
Ban ce na fi kowa shan wuya ba.

Talatin da takwas na cika bana,
Ban san daɗin tuwon amarya ba.

Ofis tun safe, taro har magariba,
In dawo falo ban tarar da kowa ba.

Firji cike da lemo da ruwan gora,
Tukunya ta shekara ba ta ga wuta ba.

Na je zance Asokoro ran Lahadi,
Ba a tambayi sallata ko halina ba.

"Wace mota ka zo da ita?" ta fara,
"Ina fata dai ba ta aro ce ba."

Akwati goma sha biyu ne lefen,
Kuma kayan Dubai, ba na Kwari ba.

Kamu da dina da ranar ƙauyawa,
Sadaki kuwa ba su ko tuna shi ba.

Likitar Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Yanzu na sauko daga aikin dare, ko shayi ban sha ba, amma wannan ba zai wuce ba amsa ba.

Malam Tuzuru, rabin zance ka faɗa,
Ba ka kawo ɗaya rabin a fili ba.

Wa ya aike ka Asokoro neman aure?
Kubwa da Nyanya ba ka san hanya ba?

'Yar mai kujera ka je nema,
Don kwangila, ba don Allah ba.

Shekara shida ina karatun likita,
Ban samu sukunin kallon samari ba.

Horon asibiti, sai bautar ƙasa,
Na waiga, ƙannena ba su jira ni ba.

Yau mai zuwa albashina yake leƙe,
Bai tambayi me ke cikin raina ba.

Wani ya ce in ajiye aiki in zauna,
Wai bai yarda da mai aikin dare ba.

Amma ran da ƙanwarsa ke naƙuda,
Bai bari namiji ya duba ta ba.

Wani ya ce a ɗaura a ɓoye,
Don uwargida ba ta san da zancen ba.

Na ce da shi ƙofa a buɗe take,
Ban yi karatu don zama sirri ba.

Ɗan Kwari: Ni rigimarku ba ta dame ni ba, raina kasuwarmu da aka yi ne ya ƙona min rai.

Atamfar da kuke wa layi a Wuse,
Ku tambaya, ba daga Kwari ta zo ba?

Tuzuru, gode Allah kana Abuja,
Nalako mai kamun gwauro bai san lambar gidanka ba.

Da a Kano ne, tashe na kankama,
Igiyarsa ba za ta duba muƙaminka ba.

Af, na tuna. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano, ta hannun Hisbah, ta ɗaura aure 1,800, sadakin kowace naira 50,000. Kuɗin da kuke kashewa a cin abinci dare ɗaya a Wuse II ke nan. Ban ce komai ba.

Bazawarar Jabi: Na gaji da wannan "ba" ɗin taku, kamar masu musu a kotu. Na juya amsa-amo zuwa "ya". Ni na shiga ɗakin da kuke leƙe, ku ji.

Ni na yi bikin da ake ba da labari,
Kwana bakwai ana kiɗa da dariya.

Anko kala uku, mai kwalliya daga Legas,
Hotunanmu a Instagram sun zaga duniya.

Wata takwas aka miƙo min takarda,
Bashin kayan ɗaki Baba na ta biya.

Shi sunan gidanmu ya aura,
Ni ma motarsa na aura, ba ƙarya.

Na koma banki, na nemi ɗaki,
Mai gida ya ce ba ya ba mace haya.

Ni da ke sa hannu a miliyoyi,
Sai da aka nemo sa hannun Yaya.

Yanzu in na ji shiru ya yi yawa,
Sai in zaga bakin tafki in sha iska ni ɗaya.

Gwaggon Funtuwa: 'Ya'yana, ni tsohuwar malamar firamare ce, jikata ta sa ni a nan. Baiti uku gare ni, hannu na rawa.

Mu a dandali muka ga juna,
Keke gare shi, sai rigar saƙi ɗaya.

Ban ce zamaninmu ya fi naku ba,
Mu ma da yawa mun haɗiye wuya.

Amma Tuzuru da Likita, ku dubi juna,
Faɗan nan naku na ƙamshin soyayya.

Ɗan Kwari: Gwaggo ta fasa ƙwai!

Tuzurun Maitama: Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Likita, in an ba ni dama:

Kin kama ni, ba ni da ta cewa,
Uban na je wa zance, maganar gaskiya.

Motar ma ta bashin banki ce,
Saura wata goma sha huɗu in gama biya.

Tun da aka cire tallafin mai,
Ba kullum take ganin hanya.

In aikin dare ne ni zan kai ki,
In dawo in ɗauke ki da safiya.

A ba ni kwatancen gidan su Baba,
In tura kawunnaina su yi tambaya.

Likitar Gwarinpa: Hmm. Gwaggo, kin ja min.

Baitinka ya miƙe, sannu da ƙoƙari,
Amma ni likita ce kafin in zama amarya.

Na kwana kan yara suna murƙususu,
Ciwon sikila ba ya jin soyayya.

AS da AS, a kowane ciki,
Cikin huɗu, ana fargabar ɗaya.

Ni AS ce, kuma na sha ɗacinta,
Ita ta raba ni da wani a baya.

Je ka yi gwaji, ka kawo takarda,
In AA ta nuna, gidanmu na Zariya.

Ɗan Kwari: Daidai. Mu a Kano tun 2024 doka ta wajabta wannan gwajin kafin a ɗaura. Tuzuru, in sakamako ya yi kyau, lefe a shagona, zan yi maka ragi duk da ka zage mu.

Bazawarar Jabi: Akwati huɗu sun isa, ku ji ta bakin wadda ta ga goma sha biyu.

Tuzurun Maitama: Gobe ƙarfe takwas ina ɗakin gwaji. Rabona da allura tun sansanin bautar ƙasa, kuma ko a lokacin sai da aka riƙe ni. Gwaggo, a sa jinina a addu'a.