Yaya ake koya wa 'yan aji biyar wasiƙar hukuma?

Malama Rabi (Tudun Wada): Assalamu alaikum, malamai da iyayen wannan zaure. Ina neman shawara. Wannan zangon mun zo kan wasiƙar hukuma da ta kasuwanci a aji biyar na firamare. Yaran sun haddace tsarin tsaf: adireshi biyu, kwanan wata, "Dear Sir", kanu, sa hannu. Amma da an shiga cikin wasiƙar sai tambayar iyali da ya gajiya, har shafi ya cika ba a faɗi abin da ake nema ba. Wa ke da dabarar da ya gwada ta yi aiki? Ajin cike yake maƙil, don Allah a ba ni abin da ba ya cin kuɗi.

Malam Nasiru (Kawo): Wa alaikumus salam, Malama. Ki samu tsohon kwali, ki rubuta wasiƙa guda da manyan haruffa, ki yanka ta gida-gida: adireshin mai aikawa daban, na wanda ake aika wa daban, kanu daban, kowane sakin layi daban. Ki raba wa rukuni-rukuni su jera a ƙasa. Sai ki cusa wata guntuwa mai ɗauke da doguwar gaisuwa a ciki, ki ce su nemo wadda ba ta da mazauni. Su da kansu za su fitar da ita.

Baba Ilu (Unguwar Sarki): 'Yata Rabi, kada ki ga laifin yaran nan, tarbiyya ce suka nuna. A gida an koya musu cewa ba a faɗa wa babba buƙata sai an gaishe shi. Mu ma da haka muka tashi: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, sa'an nan bayan gaisuwa. In kika ce musu gaisuwa kuskure ce, za su ɗauka ana koya musu rashin kunya, kuma ba za su yarda da ke a zuci ba.

Abin da za ki nuna musu shi ne hanyar da takarda ke bi. Na yi aikin akawu a ma'aikata har na yi ritaya. Wasiƙa ba ta zuwa hannun babba kai tsaye. Ofishin rajista take fara sauka, a buga mata hatimin ranar da ta iso, a shigar da ita littafi, a sa ta a fayil, masinja ya kai ta tebur. Akawun da ke raba su kanu yake dubawa, shi ke gaya masa teburin da za ta je. In babu kanu, ko ya zama dunƙule, takarda na iya kwana a inda ba nata ba. Shi kuma babban yana da tulin fayil a gabansa, layin farko yake karantawa ya san ko zai sa hannu. To girmama shi a nan shi ne kada a ɓata masa lokaci, takarda ta zo da tsabta, a kira shi da muƙaminsa daidai. Ki kafa musu ƙaramin ofis a aji, wannan akawu, wannan masinja, wannan shugaba, ki ba shugaban wasiƙu goma da minti biyu. Za su gane wacce ake fara amsawa.

Malama Rabi: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan na ofis zan fara da shi.

Baba Ilu: Amin. Ki kuma koya musu ajiye kwafi. Wanda bai ajiye kwafi ba, ba shi da hujja ranar da aka ce takarda ba ta zo ba.

Hajiya Binta (Kasuwar Gumi): Ni ba malama ba ce, uwa ce, kuma 'yar kasuwa. Ku taimaka ku sa lissafi a ciki. Wasiƙar odar kaya in ba adadi, ba farashi, ba ranar kawowa, ba ta ce komai ba. A sa yaro ya rubuta wa mai shagon littattafai: muna son dozin 5 na littafin rubutu mai shafi 60, fakiti 3 na alli, a kawo ranar kaza, za mu biya ta hanya kaza. Sannan wani yaron ya zama mai shago ya amsa, ya ce alli ya ƙare ko farashi ya tashi. Yanzu kowa saƙon murya yake turawa ta WhatsApp, amma ranar da aka yi saɓani rubutu ake nema. Ko banki ka je da wata matsalar asusu, sau da yawa cewa ake ka rubuto wa manaja. Na sha ganin magidanci na neman wanda zai rubuta masa layi huɗu, abin yana taɓa min zuciya.

Malam Yusuf (Rigasa): Shawarata a fara da Hausa. Yaro ya faɗa da baki: ni wane ne, me nake so, saboda me, yaushe. Ya rubuta shi da Hausa cikin jimla huɗu, sannan a koma Turanci. Wanda bai san abin da zai ce da harshensa ba, haddar tsari ba za ta cece shi ba.

Malama Asabe (Barnawa): Malam Yusuf, ban ƙi ta taka ba, amma da sharaɗi. In suka rubuta da Hausa suka juya kalma-kalma, Turancin yakan fito a karkace. Ni da baki kawai muke tsara tunanin da Hausa, rubutun kuma da Turanci tun farko, da 'yan jimlolin buɗewa da nake rubutawa a gefen allo. Ka tuna wasiƙar nan za ta biyo su jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, ta sake tare su a WAEC da NECO. Tun yanzu a gyara ƙananan abubuwa: "Yours faithfully" babban Y ne da ƙaramin f, da waƙafi a ƙarshe, sa hannu kafin cikakken suna.

Malam Yusuf: Anti Asabe, yaranki na Barnawa da yawa suna jin Turanci a gida. Nawa sai a aji suke haɗuwa da shi. Kuma darasin Hausa ma yana da wasiƙa, ba asara ba ce.

Malama Asabe: Haka ne. Kowa ya duba ajinsa.

Malam Yusuf: Wani abu kuma, batun adireshi. Gidaje da yawa a wajenmu ba su da lamba, sai yaro ya tsaya cak a layin farko. Ina sa kowa ya yi amfani da adireshin makaranta. Ya fi sauƙi, kuma ba a son yara su saba rubuta adireshin gida da lambar wayar iyaye ga wanda ba su sani ba.

Malam Sabi'u (hedimasta, Badarawa): Abin da na ga ya fi tasiri shi ne wasiƙar gaske zuwa ga mutum na gaske. 'Yan aji shida suka rubuto min suna neman tsintsiya da bokiti. Na amsa musu a rubuce, na sa hatimin makaranta, aka karanta a taron safe. Tun daga nan ba a roƙon kowa ya rubuta. A gwada da mai unguwa kan magudanar ruwa, ko shugaban kwamitin iyaye kan gyaran benci. Sai dai malami ya fara sanar da mutumin, don wasiƙar da ba a amsa ba tana kashe wa yaro gwiwa. In da hali a kai su gidan waya su ga ambulan da kan sarki, su rubuta 800001 da hannunsu, lambar babban gidan wayar Kaduna. Imel ma tsarinsa ke nan, gurbin kanu na nan a sama.

Malam Nasiru: Wajen duba aiki, Malama Rabi, kada ki bi komai da jan biro rana ɗaya. Yau kanu kaɗai, gobe layin farko. Su yi musayar littafi, kowa ya faɗi abin da ɗan'uwansa ke nema. In ya kasa faɗa, a sake rubutawa.

Hajiya Binta: In sun rubuta odar, a kawo min shago, zan amsa wa kowane rukuni a kan takardar shagona.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai, Hajiya. Baba, ko za ka zo ka nuna musu aikin rajista da kanka?

Baba Ilu: Zan zo da yardar Allah. Ki sa su rubuto min gayyata, su faɗi rana da lokaci da ajin da zan shiga, hedimasta ya sa hannu a ƙasa. Ban da Juma'a.