Endless Sky: aikin da aka rubuta a plugin ya ƙi fitowa a allon ayyuka

Salamu alaikum 'yan'uwa masana. Muna neman taimako daga nan Damagaram kan Endless Sky, wasan fatauci da yaƙi a sararin samaniya wanda kowa ke da damar gyara lambobinsa.

Mun rubuta ƙaramin plugin (ƙarin da ake haɗa wa wasan) na aiki guda: ɗaukar tan 10 na abinci daga New Boston, duniyar da ake fara wasan, zuwa wata duniya kusa, a biya matuƙi in ya sauke. Fayil ɗin yana cikin plugins/fatauci/data, ya ƙare da .txt, kuma akwai layukan job, repeat, source, destination da cargo. A kwamfuta mai Windows aikin yana fitowa lafiya lau. Da aka kwashe shi a kile (USB) zuwa kwamfuta mai Ubuntu, cikin ~/.local/share/endless-sky/plugins, sunan plugin ɗin ya bayyana a jeri, amma ko an tashi an sake sauka, allon ayyuka babu shi.

An duba errors.txt, inda wasan ke rubuta kurakurai, ba komai ciki. Kowane layi da Tab aka tura shi, ba a gauraya da tazara ba. An gwada da sabon matuƙi a jirgin dakon kaya na Star Barge, ɗakin kaya fanko, duk ɗaya.

Abin da muke zargi shi ne sigar wasan: ta Windows 0.10 ce, ta Ubuntu kuwa tsohuwa ce, 0.9. Shin akwai layin da tsohuwar ke tsallakewa shiru? Ko ƙarshen layi irin na Windows ne ke rikita ta? Intanet ɗinmu na ƙidaya ne, don Allah a nuna mana abin dubawa kafin mu sauke sabuwa.