Kuɗin tallafin yara masu buƙata ta musamman a nazare a Ingila: wa ya taɓa nema?

Maman Haidar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Ɗana ya cika shekara uku a watan Janairu, amma har yanzu bai haɗa kalma biyu ba. Ba ya son hayaniya, in yara suka taru cin abinci sai ya shige ƙarƙashin tebur ya toshe kunnuwa. Muna kan layin ganin likitan yara, ana zaton otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Tun watan Afrilu ya fara samun awa 15 na kyauta a mako, to shekaranjiya shugabar nazaren ta kira ni ta ce ba su da ma'aikaciyar da za ta tsaya a kansa, in riƙa zuwa ɗaukarsa bayan awa ɗaya da rabi. Ta ce babu kuɗi. Wallahi a mota na zauna na yi kuka kafin na iya tuƙi. Na ji ana cewa akwai kuɗin da aka ware domin irin waɗannan yara. Wa ya taɓa samu, kuma ta ina aka bi?

Anti Bilki

Wa alaikumus salam ƙanwata, share hawayenki. Shekarata tara ina aikin nazare a ƙasar nan, kuma ni ce Senko ta wurinmu, wato mai kula da sha'anin yara masu buƙata ta musamman. Kowace nazare da ke karɓar kuɗin gwamnati ana so ta sami mai riƙe wannan aiki, saboda haka gobe ki ce ita kike son gani, ba shugaba ba.

Kuɗin kashi uku ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko shi ne asusun da ake kira SENIF. Tun 2017 aka wajabta wa kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta tanade shi domin 'yan shekara uku da huɗu, daga 2024 kuma aka faɗaɗa shi ya haɗa da ƙananan da ke samun awannin kyauta. An yi shi ne domin yaron da buƙatarsa ta fara bayyana, irin Haidar, ba sai likita ya sa wa abin suna ba. Nazare ce ke cike takardar nema, ke naki sa hannu ne. Na biyu DAF, kuɗin taimaka wa nazare ta kula da yaro mai naƙasa, wanda ake biya sau ɗaya a shekara idan yaro yana karɓar DLA, wato tallafin da gwamnati ke ba iyaye domin kula da yaro mai lalura. Na uku shi ne abin da ke biyo bayan takardar EHCP, wato takardar da ƙaramar hukuma ke rubuta buƙatun yaro na ilimi, lafiya da kulawa da taimakon da za a ba shi, ita ce babbar, ita ce kuma mai wuyar samu.

Abin da zan gaya miki tsakani da Allah: duk ukun ba hannunki za su shigo ba, nazare ake ba. Kuma in ba a cike takarda ba, ba za su zo ba. Sau da yawa in an ce "babu kuɗi", abin da ake nufi shi ne ba a nema ba, ko an nema an ba da kaɗan. Ban ce abokan aikina mugaye ba ne, takardun na cin lokaci, ga ƙarancin ma'aikata, kuma ni kaina na taɓa nemar wa yaro tallafin awa 15 aka ba mu na biyar. Amma rage wa yaro awanninsa saboda lalurarsa ba tare da an gwada komai ba, wannan dokar daidaito ta 2010 ba ta yarda da shi ba. Ki tambaye su a rubuce: me kuka gwada, yaushe kuka duba ko ya yi aiki, kun nemi SENIF ko ba ku nema ba?

Baban Ikram

Hajiya Bilki ta gama magana. Ni a kan DLA zan ƙara, don na yi kusan shekara ina ƙin nema. Gani nake ina da aikina, me zai kai ni karɓar kuɗin naƙasa da sunan 'yata? Maiɗakina ce ta matsa. Ashe ba a duba albashin iyaye, kuma ba a buƙatar sai an tabbatar da sunan cuta. Abin da ake dubawa shi ne ko kulawar da yaron ke buƙata ta fi ta tsaransa nesa ba kusa ba.

Fom ɗin doguwa ce ƙwarai, kuma ta fi ƙarfin zama ɗaya. Abin da ya fi yi mini ciwo, mu mun saba in an tambaye mu mu ce lafiya lau, alhamdulillahi. A nan kuwa sai ka rubuta cewa 'yarka tana farkawa sau huɗu a dare, ba ta san haɗarin titi ba, sai an yi minti arba'in kafin ta yarda a sa mata riga. Na rubuta ina jin kamar ina tona mata asiri. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar agaji ta Contact ce ta ce mu yi mako guda muna rubuta duk abin da ya faru dare da rana, daga nan muka kwashe. In za ki nema, ki buga waya a aiko miki da fom, domin daga ranar wayar ake fara lissafi matuƙar kin mayar cikin mako shida.

Da DLA ta fito muka kai wa nazare wasiƙar, suka karɓi DAF. Fam 615 ne lokacin da aka fara shi a 2017, a 2024 ya kai fam 910. Ba zai biya albashin ma'aikaciya ba, amma sun sayi ƙaramin tanti mai duhu da take shiga in hayaniya ta ishe ta, da katunan hotuna na magana. Kuskurenmu ɗaya, mun canja nazare a tsakiyar shekara, kuɗin kuwa ba ya bin yaro, sabuwar sai da ta jira zagayowar shekara.

Ummu Sadiƙ

Don Allah waɗanda ke kan biza su karanta wannan da kyau. Mu da bizar aikin kula da tsofaffi muka zo, an rubuta mana ba mu da damar cin kuɗin jama'a. DLA tana cikin waɗannan kuɗaɗe, saboda haka ɗana bai samu ba, DAF ma ta wuce mu tunda a kanta take rataye. Saura ƙiris in cike fom saboda wata maƙwabciya ta ce kowa na samu, Allah ya sa na tambaya tukuna. Amma awa 15 na 'yan shekara uku da huɗu na kowane yaro ne ko wace irin biza iyayensa ke riƙe da ita, kuma SENIF da EHCP harkar ilimi ce, mun nema ba abin da ya taɓa takardunmu. Idan yaron ɗan ƙasa ne lissafin na iya canjawa, sai a nemi masanin dokar shige da fice kafin a sa hannu a komai.

Maman 'Yan Biyu

Maman Haidar, kada ki jira likita kafin ki nemi EHCP. Ni na jira, kuma har yau ina jin zafin watannin da na ɓata. Hassana tana magana tana waƙa, Usaina shiru, dangi a gida suna ta cewa ai babanta ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana, wasu su ce a yi mata rubutu. Addu'a kam muna yi ba fashi, amma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ban san cewa uwa da kanta za ta iya rubuta wa ƙaramar hukuma ta nemi a tantance yaro ba, na ɗauka sai makaranta. Doka ta ba su mako shida su ce za su tantance ko ba za su yi ba, kuma mako 20 gaba ɗaya kafin takarda ta fito. Mu da farko ƙi suka yi, suka ce nazare ba ta gama gwada nata ba. Na kusa haƙura. Sai na je SENDIASS, ofishin ba iyaye shawara kyauta da ke kowace ƙaramar hukuma, kuma na ɗauki samfurin wasiƙa a shafin IPSEA, ƙungiyar agaji mai ba iyaye shawara kan dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman. Wata biyu ake da shi daga ranar wasiƙar ƙin amincewa a ɗaukaka ƙara, kuma sai an fara tuntuɓar masu sasanci an karɓi shaidarsu. Ba mu kai ga zaman kotu ba suka janye.

In daftarin EHCP ya zo, ki zuba ido a sashen F, inda ake rubuta taimakon karatu da za a ba yaro. Namu cewa ya yi za ta riƙa samun taimakon mai koyar da magana "a kai a kai". Na ce a'a, a rubuta minti nawa, sau nawa a mako, wa zai yi. Abin da aka rubuta ƙarara a wannan sashe shi ne dole su biya.

Goggo Asabe

'Yata, jikana nake riƙo a nan, abu ɗaya zan ce. Wata ma'aikaciya ta ce mu daina yi masa Hausa wai ita ke rikita shi. Da muka ga mai koyar da magana ta asibiti, ta ce sam, harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, mu ci gaba da wanda muka fi iyawa. Kalmarsa ta farko "ruwa" ce. Ki kuma tambaya ko akwai Portage a yankinku, masu zuwa har gida su koya muku wasa da yaro. Sun taimake mu sosai.

Abu Maryam

A lura duk wannan tsarin Ingila ne. Mu a Sikotilan sunaye da dokokin daban suke, ko DLA ta yara an maye gurbinta da wani tallafin.

Maman Haidar

Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana zuri'a. Na aika saƙon imel kamar yadda Anti Bilki ta ce, jiya muka zauna da Senko. Ashe ba su taɓa nemar masa SENIF ba, ta ce kwamitin da ke duba takardun zai zauna wata mai zuwa, na sa hannu a take. Kafin nan sun yarda ya riƙa yin awa biyu da rabi, kuma zai ci abincinsa a ƙaramin ɗaki tare da yara biyu. Fom ɗin DLA ta iso, na fara rubutun mako guda da Baban Ikram ya faɗa, yau dare na uku. Maman 'Yan Biyu, in ba damuwa ki turo mini wasiƙar da kika rubuta wa ƙaramar hukuma, ki goge sunan Usaina, ina so in aika tawa kafin Litinin.