Auna Ƙarfin Titin Jirgi a Katsina

A hirar da wasu ma'aikatan jiragen sama suka yi a Katsina, shawarar da ta rinjaya ita ce kada a auna ƙarfin titin Filin Jirgin Umaru Musa 'Yar'adua (wato yawan jiragen da zai iya ɗauka) da lissafin shekara. A duba awar da ta fi cunkoso, musamman lokacin jigilar alhazai, a ƙirga daƙiƙun da jirgi ke riƙe titi daga sauka har ya kauce. Ƙaramin jirgi kuwa sai ya jira minti 2 bayan tashin babba, saboda guguwar da fikafikan babban ke bari.

Wani dattijo ya ce a ware lissafin hunturu daban, tunda hazo kan sa jami'an NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ƙara tazara tsakanin jirage. Ni dai a ganina, wurin ajiye jirage kan cika tun kafin titin ya gaza.